Jiƙaƙƙun Buhunan Barkat

Barkat ya tsoma buhun algarara na huɗu a bokiti, ya matse, ya sake rataye shi a tagar ɗakin matarsa. Shekara uku ke nan yana yin haka safe da yamma. Da manoman gefen garin Kasur sun cinna wa ciyawar shinkafa wuta, hayaƙi ya kwanta a gari, sai ya toshe kowace kafa. Tsohon tela ne, ɗinkinsa ba ya barin ƙofa ko ta allura.

Matar tasa Zarina kuwa, tari sai gaba yake yi. Bana har da jini.

"Ɗakin nan warin tsohuwar rijiya yake," ta ce masa wata safiya. "Buɗe mini taga ko kaɗan mana."

"Ki shaƙi wancan bala'in? Ba da raina ba."

"Kai dai da taurin kai aka haife ka."

Ya ba ta shayi, ya yayyafa wa buhunan ruwa. Da bangon ya yi baƙi-baƙi, ya ce toka ce ta samu hanya, ya ƙara buhu biyu.

A asibiti aka ce fumfuna ce ta yi gida a huhunta, irin wadda ƙwayoyinta ke yawo a iska idan laima ta haɗu da ɗumi. Wata Dakta Rukhsana, mai auna iskar unguwanni, ta biyo su gida da ƙananan farantan gilashi biyu masu kama ƙwayoyin fumfuna daga iska. Ta buɗe ɗaya a kan soro, ɗaya a ɗaki, ta jira, ta rufe su ta tafi da su. Tana fita ta ce a sauke buhunan kafin sakamako ya fito. Barkat ya ce to. Yarinyar jiya, me ta sani? Ya bar su.

Kwana shida bayan nan aka kwantar da Zarina. Likita ya ja shi gefe ya ce huhu ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan ma sai addu'a.

A barandar asibitin Rukhsana ta same shi, farantan na hannunta. Ɗaya ɗigo uku ne kawai na fumfuna ya tsiro a cikinsa. Ɗayan ya cika maƙil, kore da baƙi, har ya taɓo murfi.

Barkat ya karɓi cikakken.

"Kin gani ko, 'yata? Wannan da ke iskar waje nake tare mata shekara uku. Da na biye mata na buɗe taga, da tuni an binne ta. Na yi iya yina, ko ba haka ba?"

Rukhsana ta ɗaga ɗaya farantin.

"Kawu," ta ce a hankali, "na kan soron shi ne mai ɗigo ukun."