Ko Ɗigon Baƙi Babu

"Malam, duba min," in ji Iya Ikilima, ta miƙa wa mijinta ƙafa.

Da aka yanke mata baƙin tabo a tafin ƙafa a Dutse, likita ya ce kansar fata ce, an tare ta da wuri, amma ta riƙa zuwa ana dubawa. Malam ya ce daga garinsu Buji zuwa Dutse da nisa, shi zai riƙa duba mata duk Juma'a.

Ya shafa tafin. "Fes yake, Hajiya. Ko ɗigon baƙi babu."

Ta kalli ƙafar. Jiya jikarta ta yi mata ƙunshi, tafin ya yi baƙi ƙirin.

"Malam, tun yaushe ka daina gani?"

Bai saki ƙafar ba.