Lambar da Baba Yake Rubutawa

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa Baba magana, abu ɗaya hannunsa na hagu yake yi: rubuta 1,040,399. A bayan takardar magani, a jikin bango, har a kan zanin gado da ɗan yatsa. In ya gama sai ya kafe 'yarsa da ido, kamar mai hangen wani tsaye a bayanta.

Ita malamar lissafi ce, kuma shi ya ɗora ta a hanya. Shekara talatin ya yi yana rubuta rajista a asibitin haihuwa. Da ya dawo aiki yakan zaunar da ita a cinya su yi ta fasa lambobi. "Kowace lamba da iyayenta," in ji shi, "sai dai in ba a bincika ba."

Likita ya ce kwanakin sun ƙure. Ta ja kujera bakin gado ta hau bincike. Lambar mara ce. Uku ba ta raba ta, bakwai ma haka. Sai ta lura saura ɗaya tak ta cika 1020 sau 1020. Nan take ta fashe mata gida biyu: 1019 sau 1021. Dukansu ba sa rabuwa, kuma kusa da juna suke, irin waɗanda masu lissafi ke kira tagwaye.

Da ta faɗe su a fili, hawaye ya gangaro ta gefen fuskarsa mai motsi.

Ta fita daga ɗakin. Ta sami Gwaggo, ƙanwar Baba, a tsakar gida tana shanya.

"Gwaggo, ni 'yan biyu aka haife mu?"

"Wane 'yan biyu! Marigayiya Innarki sau huɗu tana dawowa daga asibiti hannu rabbana. Da ta biyar ta zo da rai, ai har mu muka yi kuka. Ke kaɗai ce, zanƙaleliya, kin fi kowa tsawo a dangi."

Ta koma ɗaki. Baba na ta nuni da ƙarƙashin gado, numfashinsa na sarƙewa. Ta jawo tsohuwar akwatin ƙarfe. Can ƙasan takardun sallamarsa daga aiki akwai shafi guda da aka yage daga rajista, ɗauke da ranar haihuwarta.

Layi na 1019, sunan Inna: mace, ta koma. Layi na 1021, sunan wata baƙuwa: mace, lafiya lau. An soke kalmomin ƙarshen, an musanya su da juna, cikin kyakkyawan rubutun nan na Baba da ya koya mata ƙirga.

'Yar Inna ko kuka ba ta yi ba a duniya. Ita kuwa, mai riƙe da takardar nan, ita ce jaririyar baƙuwar, wadda aka ce wa uwarta ta mutu.