Tabon Kwandala

Wani direba ya warware ƙyalle a kan tebur, ya kai yatsa zai ɗauki kwandalar azurfar da ke ciki. Tsoho mai tantance tsofaffin kuɗi ya buge masa hannu.

"A gefe ake riƙe ta, ɗana. Gumin yatsa cin azurfa yake."

Direban ya janye hannu yana yaƙe. Motarsa ya sayar ya sayi wannan abu, matarsa kuwa tun ranar ba ta daina yi masa kallon mahaukaci ba. In jabu ce, ya shiga uku.

Tsohon ya ɗora ta a kan yatsa, ya ɗan ƙwanƙwasa gefenta. Ta yi ƙara siririya mai tsawo. Ya sa ta a ma'auni, ya rubuta nauyin tun allurar ba ta gama tsayawa ba. Ya juya ta a hasken taga. Duhun tsufa ya kwanta mata lumui, ba wanda ya taɓa goge ta da sunan gyara. Gashin kan hoton mutumin da ke jikinta ma ana ƙirga shi ɗaya-ɗaya.

"Ta gaske ce," in ji shi. "Da ta kai matakin ƙoli a daraja, sai dai akwai ɗan tabo a ƙasan shekarar da aka buga a jikinta." Sannan ya laluba aljihu ya ciro gilashin dubawa.

Direban bai damu da wani tabo ba. Hamdala yake ta yi, bakinsa har kunne.

"Wa ya sayar maka?"

"Wani bawan Allah, Baba, mai kirki. Gadon mahaifinsa ce. Ya ce bana tsohon ya rasu, shi kuma ba ya iya kallonta. Wallahi har hawaye ya yi, ni ma sai da na yi wa mamacin addu'a."

"Allah ya karɓa," in ji tsohon.

Ya rubuta matakin daidai, bai rage ba, bai ƙara ba. Ya ƙi karɓar ladan aiki. Direban ya fita.

Shekara talatin ke nan da kwandalar ta suɓuce daga hannun tsohon ta yi wannan tabon. Bara kuma ya damƙa ta amana ga ɗansa, shi kaɗai Allah ya ba shi.