Matar Arvid Tana Bakin Tafki

Marlys ta kama aikin jinya a gidan tsofaffi na garin Duluth ne saboda mijinta Arvid da ke zaune a can, wanda ciwon mantuwa ya hana shi gane ta. Dokar aikin ita ce ba a yi wa mai mantuwa gardama.

Rannan tana aske masa gemu, ƙanshin sabulun ya mai da ita shekara arba'in baya. Ta manta da rigar aikin da ke jikinta, ta sumbaci goshinsa.

Ya kawar da kai cikin kunya.

"Yi haƙuri, baiwar Allah, ina da mata. Marlys tana jirana a bakin tafki."

Ta goge masa kumfa.

"Haka kake sonta?"

Ya yi murmushi. "Ba ki gan ta ba ne."