Saura Taku Arba'in

Da asuba awarwaron asibiti mai ƙirga taku da ke hannun Sallau ya ba shi taku dubu ɗaya na yini. Yana ɗan shekara goma sha biyar dubu tara yake samu, har ƙwallo yana bugawa. Da rabin zuciya aka haife shi, likitoci suka yi mata gyara, amma duk shekara sai an rage masa taku. Wanda ya wuce adadinsa, a yanke masa magani wata guda.

Da hantsi aka aiko Tanimu ya rasu. A ɗaki ɗaya aka yi musu aiki suna jarirai.

"Malam, maƙabarta fa taku ɗari tara ce da wani abu," in ji matarsa Larai, ganin yana neman takalmi. "Ka hau babur mana."

"Ana ɗauke da Tanimu a kafaɗa, ni ina bisa babur?"

Ya bi makara a ƙasa, can sahun baya, yana haki, leɓɓansa sun yi shuɗi. Aka binne, aka yi addu'a, aka watse. Awarwaro ya nuna saura taku arba'in.

Baba Mati mai haƙa kabari ya ɗora makarar a kura zai mayar masallaci. Ya dubi hannun Sallau.

"Ɗan nan, zo ka hau. Ai babu kowa a ciki."

Sallau ya daɗe yana kallonta. Sannan ya tuɓe takalmi, ya hau.

"Tura a hankali, Baba," ya ce. "Bara Tanimu ma dubu ɗaya aka ba shi."