Kafin Gahawa Ta Huce

Ranar Talata shagon Asabe ya fara sayar da gahawar da ke dawo da muryar mamaci. Kofi ɗaya ake ba kowa a rayuwarsa, ya yi hira har ta huce. Layi har titi, ana ta shewa.

Malam Tanimu, mai cewa yaudara ce, shi ne na uku. Shekara shida yana riƙe da magana guda.

"Baba, ban da doguwar gaisuwa," in ji Asabe.

Ya kurɓa. Marigayiya matarsa Ladidi ta ce, "Malam, an tashi lafiya?"

Ya amsa gaisuwar. Ta tambayi yaransu tara ɗaya bayan ɗaya, tana dariya, har kofin ya yi sanyi a hannunsa.

Bai kai ga cewa ta yafe masa ba.