Shahon da Fiffikensa Ya Warke

Kafin ka sake ce mini "ai ba wani abu ba ne," bari in ba ka misali.

Wasu manoma suka tsinci shaho a bakin gona da karyayyen fiffike, suka kai shi gidan adana namun daji. Aka damƙa shi ga wani ma'aikaci mai haƙuri, a kan in ya warke za a sake shi ya koma daji. Mutumin ya ɗaure karayar, yana yayyanka masa nama, kowace safiya sai ya duba ɗaurin. Ran nan yana canza masa ruwa sai ya ga ɗan ƙullutu a fatar idonsa na hagu, bai kai ƙwayar gero ba. Ya so ya gaya wa likitar dabbobi da ke zuwa ƙarshen wata. To amma ba a duba idon shaho sai an kama shi an naɗe da bargo, kuma garin kokawa ƙashin da ya fara haɗewa yana iya gocewa. Da likitar ta tambaye shi ko akwai wata matsala, sai ya ce, "Babu, likita. Fiffiken ne dai, kuma yana kyau." Daga baya, duk lokacin da ya buɗe ƙofa, shahon sai ya juyo masa da gefen dama. Mutumin ya ɗauka sabo ne. Ashe da idon da ya rage masa yake kallonsa.

Bayan wata uku fiffike ya warke sarai. Ranar gwaji aka saki ɓera a babban keji. Shaho ya taso da ƙarfinsa, ya kawo sura, faratansa suka cafki ƙasa, taƙi guda daga inda ɓeran yake. Haka har sau uku. Da aka kama shi aka duba, ƙullutun ya kai gyaɗa, ya ci cikin idon. Likitar ta ce ƙari ne. Da an nuna mata tun yana kan fata, da ɗan yanka ya wadatar, yanzu kuwa sai an cire idon. Shaho mai ido ɗaya ba ya auna nisa daidai, in an sake shi yunwa ce za ta kashe shi. Yana nan a kejin da lafiyayyen fiffikensa, mutumin nan kuma har yau shi ke yayyanka masa nama.

Shi ya sa magabata suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.